DAGA ALLON MALAM: Ta Zo Mu Ji Ta

  A watan jiya na yi muku alkawari zan yi magana a kan kuɗin makaranta da yadda za a tanada shi tun da kaka. Ku gafarce ni, wannan sai wata mai zuwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, in ban faɗe shi ba ba zan sami sukuni ba.

A zangon karatu da ya wuce aka kawo mini wani yaro a aji biyar, shekararsa 11. Kakarsa ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi. Sun taso daga ƙauyensu ne bayan 'yan bindiga sun faɗa musu da dare, suka zo suka raɓe a gidan wani ɗan'uwansu a garinmu. Ba zan faɗi sunansa ko sunan ƙauyen ba. Da yawa cikinku kuna da irinsa a unguwa, wataƙila ma a cikin gida.

Yaron ba shi da rashin kunya, ba ya faɗa da kowa, in an sa shi shara yakan share aji tas. Amma ba ya magana. In na kira suna sai ya ɗaga hannu kawai. In na yi masa tambaya sai ya kafa wa ƙasa ido. Na yi mako uku ina haƙuri. A na huɗu na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na tsai da shi a gaban aji, na daka masa tsawa, na ce in bai amsa ba ya fita ya durƙusa a rana. Ya fita ya durƙusa. Bai yi kuka ba. Da ya yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na tafi wurin kakar. Bayan mun gaisa na ce, "Mama, jikan nan naki fa ya gagare ni." Ta ce, "Ai Malam, a gida ma haka yake. Kullum ina ce masa ya yi haƙuri, ya manta, abin da ya wuce ya wuce. Me kuma zan ce masa?" Ban ga laifinta ba. Abin da dukanmu muke faɗa ke nan in mun je gaisuwa, kuma da zuciya ɗaya muke faɗarsa. Sai dai a hanyata ta komawa gida na yi ta tunani. Tun da abin ya faru kowa yana gaya wa yaron nan magana. Ban ji an ce wani ya zauna domin ya ji tasa ba.

To, ga yadda abin ya kasance. A makarantarmu darasi na ƙarshe ran Jumma'a yakan zama wahala, yara sun gaji, malam ya gaji. Sai na mai da shi lokacin tatsuniya, da Hausa. Wannan ma sai da na roƙi izini, gama dokarmu ita ce wanda aka ji yana Hausa ko yarensu a aji sai ya biya tara. Ni da kaina na yi shekaru ina rubuta sunayen masu laifin, Allah ya gafarta mini. Makon farko na tarar yara 6 ne kaɗai cikin 40 da wani abu suka iya kawo tatsuniya daga farko har ƙarshe. Sauran sai labarin fim da abin da suka gani a wayar yayyensu. Na ce kowa ya je ya tambayi tsohuwar gidansu. Sannu a hankali Gizo da Ƙoƙi suka dawo aji, Kura da kwaɗayinta, Dila malamin daji, 'yar bora da 'yar mowa.

Ran Jumma'a ta biyar, an gama wata ana dariya, na ce, "Saura wa?" Sai na ji wata 'yar murya daga bayan aji ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aji ya yi tsit. Babu wanda ya taɓa jin muryarsa. Wata yarinya ce ta fara farfaɗowa ta ce, "Ta zo mu ji ta," sauran suka bi.

Ya ce wai akwai wani ɗan akuya da uwarsa. Wata rana da dare kuraye suka shigo garke. Ɗan akuya ya ruga ya shige ƙarƙashin rumbu. Yana can yana jin uwarsa tana kiransa, tana ta kira, amma bai fito ba. Da gari ya waye ya fito, bai ga kowa ba.

Nan ya tsaya. Babu waƙa, babu ƙurunƙus. Yarinyar nan ta ce, "To, sai me ya faru?" Ya ce, "Shi ke nan." Ni kuwa na rasa abin faɗa, ina tsaye da alli a hannu. Sai wani yaro, wanda kullum shi ne na ƙarshe a lissafi, ya ce, "Ai gara da bai fito ba. Da ya fito da sun cinye shi shi ma. Uwar ma kiransa take yi ta ji ko ya ɓuya." Nan gardama ta tashi, kamar yadda yara sukan yi bayan tatsuniya, amma yawancinsu suka goyi bayan ɗan akuya. Mai labari yana zaune yana duban wannan, yana duban wancan. Ran nan na fara ganin ya ɗaga kai.

Ku lura da abin da ya faru. Wata da watanni yaron nan yana ɗauke da wani kaya wanda ko kakarsa ba ta sani ba: yana ganin laifinsa ne, an kira shi bai fito ba. Da na tambaye shi kai tsaye, ko da lallashi, ba na tsammani zai faɗa. Amma da ya sami ɗan akuya ya ɓuya a bayansa, sai bakinsa ya buɗe. Kuma amsar da yake bukata ta fito daga bakin tsaransa, a kan ɗan akuya, ba tare da kowa ya nuna shi da yatsa ba.

Na san akwai masu cewa tatsuniya ƙarya ce, bai kamata a koya wa yara ƙarya a gidan masu bi ba. Wani dattijo ya taɓa faɗa mini haka a ƙofar majami'a. Na ce masa, "Baba, ai mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa. Da bakinsa yake rufewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya." Yaro ɗan shekara 5 ya san kura ba ta magana. Ku tuna kuma sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda a kan zunubinsa, da me ya fara? Da labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya. Sarki ya husata ya yanke hukunci kafin ya gane kansa yake yanke wa. Labari yakan shiga inda faɗa ba ya shiga. Ban ce kowace tatsuniya ta dace da kunnen yaro ba. Akwai masu batsa, akwai masu yi wa makafi da kutare da wasu kabilu ba'a. Waɗannan uwa mai hankali takan tsallake su, kamar yadda take tsince tsakuwa a shinkafa.

Al'amarin yaron nan ya tuna mini da wani yaro, wanda ya kamata kowane mai karanta Hausar boko ya san sunansa, wato Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ƙarami, kusan tsaran ɗan ajina, aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, har ya faɗa Kukawa a Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da Tafkin Cadi, sai Dorugu ya koma hidimar abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, a 1855 suka isa Ingila. Tare da su akwai wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, wanda daga baya ya zama sarkin Lakwaja.

A Ingila Dorugu ya zauna a gidan wani mai bishara, James Frederick Schön, wanda ya taɓa hawan kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, yana kuma ƙoƙarin koyon Hausa. Schön ya zaunar da shi ya ce ya faɗi, shi kuwa yana rubutawa. Yaro ɗan shekara 16 ko 17, wanda aka saya aka sayar, ya ba da labarin rayuwarsa tun daga gidan ubansa, da kamunsa, da garuruwan da ya ratsa, har da yadda ya ga Turawa suna cin abinci a teburi. Ya ba da tatsuniyoyin da ya riƙe tun yana gida. An buga su a littafin da ake kira Magana Hausa a 1885. Da taimakonsa kuma Schön ya shirya nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da sassan Littafi Mai Tsarki na farko-farko da aka buga da Hausa, shekaru fiye da 70 kafin a sami cikakkensa a 1932. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa, Kano, ya rasu a 1912.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wannan. Masu kama bayi sun raba shi da uwa da uba da gari, ba su bar masa ko riga ba. Abin da ya tsira da shi, har ya ƙetare teku da shi, shi ne abin da aka zuba masa a kunne da dare tun bai kai shekara 12 ba. Ashe wata tsohuwa a Dambanas, wadda babu wanda ya san sunanta, tana da hannu a cikin littattafan da malamai suke nazari har yau. Kuma shi Schön, ko da yake Hausa yake nema don aikinsa, ya yi abin da ni ban yi ba a mako na huɗu: ya ɗauka yaron yana da abin faɗa.

Masana ma sun gwada wannan al'amari. Waɗansu likitocin tunani daga Jami'ar Konstanz a Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, sun tsara wata hanyar jiyya domin waɗanda suka ga yaƙi. Akan shimfiɗa igiya a ƙasa, a ce wannan rayuwarka ce daga haihuwa. Mutum ya sa fure a wurin kowane abin farin ciki, ya sa dutse a wurin kowace masifa. Sauran igiyar a bar ta a naɗe, wato kwanakin da ke gaba. Sa'an nan a bi igiyar daki-daki, yana faɗi ana rubutawa, a ƙarshe a karanta masa a ba shi takardar ta zama tasa. Sun gwada ta a sansanin Imvepi a arewacin Yuganda, da 'yan gudun hijira 43 daga Sudan, aka buga sakamakon a 2004. Zama huɗu kawai aka yi da waɗanda suka bi wannan hanya. Bayan shekara ɗaya, cikin waɗanda suka bi wannan hanya 29 bisa 100 ne ciwon firgita bai sake su ba, amma cikin waɗanda aka yi wa nasiha ko bayani kawai, wajen 80 bisa 100 suna nan da shi. Mutum 43 ba su da yawa, amma an yi ta maimaita gwajin a wasu ƙasashe, har an yi irin ta yara.

Dalilin da suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Abin tsoro ba ya zama a zuciya kamar sauran abubuwan da muke tunawa. Yakan zauna a warwatse: ƙara, wari, duhu, bugun zuciya, babu rana babu wuri. Shi ya sa ƙarar babur da tsakar rana takan sa yaro ya shige ƙarƙashin benci, gama a wurinsa daren nan bai wuce ba. Sa'ad da ya jera abin da baki, wannan ya faru, sa'an nan wannan, a wuri kaza, a shekara kaza, sai abin ya sami mazauni a baya. Ya ga kuma akwai furanni a igiyar kafin dutsen, akwai sauran igiya bayansa.

A nan sai in ja kunne. Kada wani ya karanta wannan ya je ya tsare yaro ya ce sai ya faɗi abin da ya gani. Wannan fama gyambo ne. Waccan jiyya aikin waɗanda aka horar ne. Kada kuma a tsai da yaro a gaban taro ya ba da shaida don mutane su yi kuka su sa baiko, na ga an yi, ban ji daɗinsa ba. Yaron da ba ya barci, ko ya koma fitsarin kwance, ko yake maganar mutuwa, a kai shi asibiti. Namu aikin a gida ƙarami ne: mu buɗe fili, mu yi shiru, mu jira.

Wannan fili kuwa kakanninmu sun riga sun gina shi, mu ne muka bar shi ya rushe. Ku da kuka kai shekaruna kun tuna. Bayan an ci tuwo, da kaka ko da sanyi irin na yanzu, a taru a ɗakin tsohuwa ko na amarya. Kakata takan ce wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a daji, na girma kafin na gane dabara ce don kada mu bar aiki. Akan fara da kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Tsohuwa ta yi ɗaya ko biyu, da waƙa muna amshi. Daga nan sai ta ce, "Wane, kawo taka." Wannan ne muke mantawa in muna yabon zamanin da. Hirar ba ta tsohuwa kaɗai ba ce. Kowane yaro yana da layi, har mai in'ina, har ɗan bora. In ka yi tuntuɓe a gyara maka, in ka ƙara gishiri a yi dariya. A nan muka koyi tsayawa a gaban mutane, da jera magana, da jiran wani ya gama. Yau ina da ɗalibai masu cin jarrabawa da kyau waɗanda ba su iya kai saƙo gidan maƙwabci su faɗe shi daidai ba. Waya tana ba yaro labari dare da rana, amma ba ta taɓa ce masa ya kawo tasa.

Wani zai ce ai an rubuta tatsuniyoyin, ba za su ɓata ba. Gaskiya an rubuta da yawa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi 3, tsakanin 1911 da 1913, yawancinsu daga abin da malamai suka rubuta da ajami. A 1913 kuma R. S. Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gana ta yau. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, a farkon shekarun 1970, waɗanda da yawa cikinmu muka karanta a firamare. Allah ya saka musu. Amma takarda ba ta yin tsamin bakin Gizo, ba ta rera waƙa, ba ta duban fuskar yaro ta gane yau tsoro yake ji, ta sassauta Dodo. Tatsuniya a littafi kamar iri ce a cikin tulu, tana nan lafiya, amma ba a cin ta.

Hausa ma ta yi sa'a. Ina masu karatunmu waɗanda kakanninsu da Gbagyi suka yi musu tatsuniya, ko Bajju, ko Ngas, ko Tangale, ko Bura? Da yawanmu muna Hausa a kasuwa da majami'a, Turanci a makaranta, yaren gida kuwa sai in za a yi maganar da ba a so yara su ji. Tatsuniyoyin waɗannan harsuna kaɗan ne aka rubuta. In tsohuwar gidanku ta kwanta dama, da su za ta tafi. Ga shi kuwa ƙauyuka suna watsewa, dandalin da ake hirar ma babu shi.

Saboda haka ga roƙona a wannan wata. Ku zaɓi dare ɗaya a mako, bayan addu'ar iyali ko kafinta, a kife wayoyi. In akwai tsohuwa a gida a ba ta tabarma, ta yi da yaren da ta ga dama, wanda bai ji ba a fassara masa. Wayar nan da muke kuka da ita, a nan tana da amfani: a ba babban yaro aikin ɗaukar muryar Kaka, ya rubuta ranar da sunan tatsuniyar, ya aika wa 'yan'uwa da ke birni. Na ga yaran da suka raina tsofaffi sun canja sa'ad da aka ba su wannan aiki, gama sun zama masu ajiyar kayan gidansu. Ku iyaye maza, kada ku ce wannan sha'anin mata ne. In ba ku iya Gizo ba, ku ba da labarin yadda kakanku ya zo garin nan, da shekarar yunwa, da ranar da kuka yi wauta kuna samari. Yara suna son jin cewa Baba ma ya taɓa jin tsoro. Zumuntar mata da malaman Makarantar Lahadi su ma suna iya ware lokaci. In an zo layin yaro, kome ya kawo a karɓa. In ya kawo wadda ba ta da kai ba ta da gindi, a bar shi ya kai ƙarshe. In ya kawo irin ta ɗan akuya, kada a katse shi da "yi haƙuri", kada kuma a ce, "Ai kai ne ɗan akuyan." A tambaye shi kawai, "Sai me ya faru?"

Ɗan ajina bai warke sarai ba. Har yanzu in babur ya wuce da gudu yakan razana, akwai kuma ranakun da yake komawa shirunsa. Kakarsa ta yarda mun kai shi wurin wata ma'aikaciyar jiyya da ta sami horo a kan irin wannan, suna ganawa. Na kuma nemi gafararsa a kan durƙuson nan, a gaban ajin da na kunyata shi. Ya ce, "Ba kome, Malam." Yanzu yana amsa suna da baki. Jumma'ar da ta wuce ya sake kawo ta ɗan akuya, amma ta ƙara tsawo: wata tsohuwar tunkiya ta tsince shi a hanya, suka tafi wani gari. Da aka tambaye shi abin da suka tarar a garin, ya ce sai mako mai zuwa.

Maganar kuɗin makaranta tana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.